Daminar 2006: Kiɗa, Ƙwadago da Abota Tsakanin Sokode da Dapango

Kowane tsara yana da wata shekara da yake auna sauran shekaru da ita. Iyayenmu na Zango idan suna lissafi sukan ce kafin a karya darajar sefa ko bayan an karya, wato 1994. To mu da aka haifa a Sokode tsakanin 1980 da 1984, duk inda hira ta yi daɗi a bakin shago, daminar 2006 take komawa. Mun ga ya kamata mu rubuta abin da muke iya tunawa na wannan dogon hutu tun ba mu fara mantuwa ba, domin yaran da muke koyarwa yau da yawansu ba a haife su ba a lokacin.

Mu shida ne. Uku daga cikinmu malaman sa kai ne a irin makarantun nan da iyayen yara ke haɗa kuɗi su biya malami, don lokacin ba mu riga mun shiga kwalejin horon malamai ba. Na huɗu yaron tela ne, na biyar yana koyon gyaran rediyo, autanmu kuma ɗan zemijan ne, babur ɗin ma na haya. Wanda ya san aikin malamin sa kai ya san cewa ranar da aka rufe makaranta, ranar albashi ya tsaya, sai kuma Oktoba idan Allah ya kai rai. Saboda haka hutu a wurinmu wata uku ne na neman abin sawa a baka.

Sai mai karatu ya tuna halin da ƙasa take ciki. Shugaba Eyadema ya rasu ran 5 ga Fabrairu 2005 bayan shekara 38 a kan mulki. Zaɓen da aka yi ran 24 ga Afrilu na shekarar ya zo da tashin hankali, har binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum 400 zuwa 500 suka rasa rayukansu, dubbai kuma suka tsallaka Binin da Gana. Bayan wannan sai gari ya yi tsit. Samari sun daina taruwa da dare. Ko a majalisar shayi, idan magana ta karkata wajen mulki, sai ka ga wani ya miƙe ya ce ana kiransa a gida. Haka muka shekara guda muna magana ƙasa-ƙasa.

Abin da ya fara buɗe bakin mutane ƙwallo ne. Togo ta samu zuwa gasar cin kofin duniya a Jamus karo na farko, bayan Stephen Keshi ya kai 'yan wasanmu ga nasara a wasannin share fage, ko da yake Otto Pfister ne ya tafi da su. Ranar Talata 13 ga Yuni, da azahar, aka kara da Koriya ta Kudu a Frankfurt. Minti 31 da farawa Mohamed Kader Kubaja ya jefa ƙwallo a raga, shi kuwa haifaffen Sokode ne. Wanda bai ga garin nan a wannan minti ba, ba zai gane ba ko an ba shi labari. Mata sun bar tukwane a wuta, 'yan zemijan sun cika titi da oda, daga Didawure har Koma ihu ɗaya ake yi. Daga baya Koriya ta rama biyu, Suwizalan da Faransa kuma kowace ta ci mu biyu da nema, aka dawo gida da ƙwallo ɗaya tak. Amma mu abin da muka riƙe shi ne, ashe har yanzu mutum dubu na iya taruwa a titin Sokode su yi ihu, kowa ya koma gida lafiya. A daren ne mai gyaran rediyo ya ce, tunda an iya taruwa don ƙwallo, me zai hana a taru don kiɗa?

Kayan kiɗanmu abin dariya ne. Jita ɗaya ce, tsohuwa, wadda wani ɗan uwa ya zo da ita daga Kwatano, tsirkiya biyu sun tsinke an maye su da wayar birkin keke. Amfilifaya kuwa mai gyaran rediyo ne ya harhaɗa ta daga gawarwakin rediyo uku, ya zuba cikin akwatin katako. Idan aka ƙure ta, jitar takan yi wata irin ƙara mai ƙarzar kunne, kamar ana yaga buhu, mu kuma wannan ƙarar muke so. Ganguna na bokitin fenti ne da murfin tukunya. Yaron tela ya iya kalangu tun yana ƙarami, autanmu kuma ya haɗa kuntigi da gwangwanin kifi da fatar akuya, irin na Ɗan Maraya Jos, wanda kaset ɗinsa ba ya rabuwa da shagon kowane tela a Zango.

Kunnuwanmu sun sha kiɗa iri-iri a shekarun nan. Daga Yamai kaset ɗin Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney suna shigowa ta hannun direbobin manyan motoci, muka ji ashe ana iya yin rap da Hausa. Daga Ankara ga VIP, 'yan unguwar Nima, 'yan zango kamarmu. Tiken Jah Fakoly yana faɗa wa masu mulki magana da rege, kufe-dekale na Douk Saga ya cika wuraren biki, Toofan kuma suna tashe a Lome da waƙar da suka yi wa 'yan ƙwallo. A wajen jita kuwa gwaninmu Jimi Hope ne. Duk muka zuba a tukunya ɗaya, abin da ya fito ba shi da suna. Wani Ba'amurke mai aikin sa kai a wani ƙauye kusa da gari ya taɓa tsayawa ya saurare mu muna gwaji, ya yi ta dariya, ya ce a ƙasarsu da Ingila akwai irin wannan, sunansa pank. Ya ce wajajen 1976 da 1977 samarin Landan marasa aikin yi suka ɗauki jita ba tare da sun ƙware ba, suka riƙa yin gajerun waƙoƙi masu sauri da tsawa, su shirya wasansu da kansu, su buga takardun talla da kansu. Muka ce to, ashe muna da dangi a Landan ba mu sani ba.

Amma kafin kiɗa sai an ci abinci. Da asuba mu malamai mukan hau keke zuwa gonakin da ke hanyar Camba mu yi ƙwadagon maimai a gonar masara da doya, a biya mu gwargwadon kunyar da muka nome. Hannun da ya saba da alli, kwana uku ya isa ya yi bororo. Da hantsi a dawo a yi wa 'yan aji shida darasin hutu a zauren wani maƙwabci, kowane yaro dala ashirin a mako, wanda ba shi da shi ya kawo ƙosai ko tubani. Ranar da babbar mota ta tsaya da siminti sai mu shiga dako, buhu kilo 50 a ka, daga mota zuwa sito. Duk abin da aka samu, kashi ɗaya cikin uku na asusu ne, yana hannun yaron tela a cikin gwangwanin madara, domin shi kaɗai ne a cikinmu ba ya cin bashi. Daga asusun nan ake hayar janareta, a sayi fetur lita biyar da batirin makirfo.

Samun fili ya fi samun kuɗi wuya. Wani dattijo mai faɗa a ji a unguwa, ƙanen kakan ɗayanmu, shi muka je muka durƙusa wa. Ya daɗe yana jan casbi bai ce komai ba, sannan ya ce, "Samari, kiɗa ba baƙo ba ne a Zango. Amma ku faɗa mini abin da za ku ce, kalma kalma, ba da ganga ba." Muka ce, "To Baba." Muka zauna a tabarma muka karanta masa waƙoƙi bakwai kamar masu biya hadda. Ya soke ɗaya, ya ce akwai zagi a ciki, kuma wanda aka zaga yana da 'ya'ya a unguwar. Sauran shida ya ce a yi, bisa sharaɗi uku: a fara bayan lisha, a tashi ƙarfe goma sha ɗaya, kada a ga kwalba ko ƙwaryar burkutu a wurin. Ya aika aka gaya wa mai makarantar da ke bayan kasuwa ya ba mu aron fili. Ita ma takardar izini daga hukuma, da sunansa aka same ta.

A nan ne muka yi gardamar da ta fi kowace zafi, wato da wane harshe za a yi waƙa. Mu malamai mun fi karkata ga Faransanci, don da shi muka yi karatu, kuma da shi ake yi a rediyo. Autanmu ya ce shi fasinjojinsa ba sa jin Faransanci sai na lissafin canji. Wasan farko ya raba gardama. Mun sa kuɗin shiga dala ashirin, yara dala goma, aka sami mutum wajen ɗari da hamsin. Waƙoƙin Faransanci 'yan makaranta sun tafa, iyaye mata da ke tsaye bayan katanga ko motsi. Da aka shiga Kotokolanci da Hausa sai katangar nan ta cika da kawuna.

Waƙar da ta fi tsaya wa mutane a rai ita ce ta bencin da babu kowa. Duk malamin da ya koyar a yankin nan a shekarun nan ya san abin da ake nufi. Ana rufe makaranta da yara hamsin, a buɗe da arba'in da uku. 'Yan mata an ba wata hajiya ko wata inna ta kai su aikatau Lome, Kwatano, Legas, wasu har Gabon ta jirgin ruwa. Yara maza kuwa gonakin Nijeriya, su yi shekara ɗaya ko biyu, su dawo da keke da rediyo, wani ya dawo da ciwo, wani ba ya dawowa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan a 2003, gwamnati kuma ta yi dokar hana fataucin yara a 2005, amma doka tana Lome, talauci yana cikin gida. Waƙar tamu ba ta zagi kowa ba. Kiran suna ne kawai irin na safiya a aji, mai waƙa ya kira, ganga ta amsa, ya sake kira, ganga ta amsa, can sai ya kira wani suna a yi shiru. Daren farko da muka yi ta, shirun nan ya yi tsawo har muka ji kukan wata mata daga bayan katanga. Washegari wata mai kai yara aikatau ta aiko a gaya mana mu kiyayi hanyar abincinta. Amma kuma wani magidanci ya tare ɗayanmu a bakin masallaci ya ce, "Malam, 'yar nan tawa zan bar ta ta gama aji shida." Ta gama kuwa. Ba mu ce waƙa ta gyara duniya ba, yarinya ɗaya muka sani, ita muke faɗa.

Wasa huɗu muka yi a Sokode cikin Yuli. Farkon Agusta kawun yaron tela, wanda ke fataucin zabi da awaki a Dapango, ya aiko cewa yana neman hannu, idan muna so mu zo da tarkacenmu. Wani direban tirela mai kai kaya Wagadugu ya yarda ya ɗauke mu a kan tamfol, ladansa mu taya yaron mota aiki. Tafiyar kusan kilomita 300 ce, amma kwana biyu muka yi. A tsagin dutsen Alejo, inda hanya ta ratsa tsakiyar dutse, sai da muka sauka muna bin motar da katakon waigi a hannu, tana nishi muna sa mata a ƙafa. Yanzu an yi wata hanya da ta kauce wa wurin, yaran yau ba su san wannan fargaba ba. Muka wuce Bafilo garin masaƙa, muka kwana Kara, muka gangara Defale da addu'a a baki, sai Kante, sai Mango a bakin kogin Oti. A Mango wani tsoho mai sayar da shayi ya tuna mana cewa cikakken sunan garin Sansanin Mango, kuma nan fataken Hausa ke yada zango a hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Ya dubi akwatin amfilifayarmu ya ce kakanninku jakuna suka kora ta nan da kanwa, ku kuma ga abin da kuka ɗauko.

Dapango wata duniya ce ga ɗan Sokode. Itatuwa sun ragu, sama ta yi faɗi, gero da dawa sun maye gurbin doya. Mutanen gari Moba ne, ga Gurmawa, ga Mosawa, ga Fulani, kuma a kasuwa Hausa ce ke haɗa mai saye da mai sayarwa idan harshe ya bambanta. Aikinmu shi ne bin kawu ƙauyuka sayen zabi, mu ɗaure, mu jera a kwanduna, mu loda wa motar Lome. Wanda bai taɓa kwana kusa da zabi ɗari uku ba bai san hayaniya ba, har muka ce su ma 'yan pank ne. Wasu ranaku mu tafi Sinkase a bakin iyakar Burkina mu yi dakon kaya. Da dare mu kwana a shagon kawu a kan buhuna, abinci tuwon dawa da miyar kuka, ran da aka yi ciniki a ƙara da wagashi.

A can Kotokolanci bai da amfani, sai muka juya duk waƙoƙin zuwa Hausa. Wasu samari biyu 'yan Moba, ɗaya ɗan malamin majami'a, suka shigo cikinmu suka sa amshi da harshensu, suka kuma samo mana aron lasifika biyu da ɗakin taro. Waƙar benci ba ta bukaci bayani ba, domin su ma samarinsu suna tafiya gonakin koko na ƙasar Abijan. Wasa uku muka yi a garin, na ƙarshen shi ne wanda har yau muke labari. A fili aka yi shi, ranar Asabar bayan an tashi kasuwa. Muna cikin waƙa ta uku hadari ya taso daga gabas, iska ta kwashe tamfol, ruwa ya shiga janareta ta mutu. Muka ɗauka taro ya watse. Sai mutane suka ruga rumfunan kasuwa suka tsaya, ba wanda ya tafi. Yaron tela ya rataya kalangu, autanmu ya ɗauki kuntigi, muka shiga rumfar masu hatsi muka ci gaba ba makirfo ba fitila, sai tocilan biyu. Da ruwa ya yi ƙarfi a kan kwano har ba a jin muryarmu, jama'a suka karɓi amshin, wannan rumfa da Hausa, waccan da Moba. Kuɗin da aka tara a daren bai biya gyaran janareta ba, sai da muka ƙara kwana huɗu muna dako a Sinkase.

Muna Dapango ne ran 20 ga Agusta aka sa hannu a Lome kan yarjejeniyar siyasa tsakanin gwamnati da 'yan hamayya, wadda shugaban Burkina na lokacin Blaise Compaore ya shiga tsakani. A rediyon kawu muka ji. Kawu ya ce Allah ya sa da gaske ne, ya ci gaba da ƙirgar zabinsa. Muka dawo Sokode farkon Satumba, muka yi wasa ɗaya na ban kwana, azumi ya kama a ƙarshen watan, aka rataye jita. Da aka fasa gwangwanin madara aka biya basussuka, kowa ya tashi da jaka huɗu da 'yan canji. Ba mu sake haɗuwa mu shida a dandali ɗaya ba.

Mai jita, ɗaya daga cikin malaman, ciwo ya ɗauke shi yana da shekara talatin da ɗaya, Allah ya jiƙansa. Autanmu ya bi ta Agadas zuwa Libiya, yaƙin 2011 ya koro shi da rigar jikinsa, yanzu yana Lome da babur nasa na kansa da 'ya'ya huɗu. Yaron tela ya zama maigida, yaran shagonsa takwas. Mai gyaran rediyo ya koma gyaran wayar hannu a Sinkase. Mu biyu da muka rage muka shiga kwaleji muka fito, muna nan da alli. Jimi Hope ma ya rasu a 2019, Ɗan Maraya a 2015. Kaset ɗaya da muka ɗauka a shagon gyaran rediyo sanyin damina ya cinye shi, saboda haka waƙoƙin suna bakinmu ne kawai. Duk da haka ba a yin suna ko biki ko zaman makoki a gidan ɗayanmu sauran ba su zo ba, kuma kuɗin makarantar marayun mai jita a wuyanmu yake, daga wani asusu da har yanzu tela ke riƙewa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan labari yanzu shi ne halin da arewa ta shiga. Tun watan Nuwamba 2021 'yan bindiga suka fara kai hari yankin Kpendjal, a watan Mayu 2022 aka kashe sojoji 8 a Kpinkankandi, a watan Yuni na shekarar kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes. Wasu ƙauyukan da ke bakin iyaka sun watse, mutanensu sun gangaro Dapango. Masu ɗaukar samari zuwa daji ba wani abu suke nema ba illa yaro mai ƙarfi a jika, wanda ba shi da aiki, ba shi da abokan kirki, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke cikinsa. Mu ma a 2006 haka muke, ga talauci ga haushi. Bambancin kawai mun sami dattijon da ya zauna ya saurare mu, da mai makarantar da ya ba da fili, da kawun da ya ba mu aiki.

Don haka muna roƙon shugabannin makarantu, idan an yi dogon hutu kada a garƙame fili a bar wa awaki. 'Yan kasuwa da masu sana'a, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu na wata uku, ko da abincin rana ne ladan. Iyayenmu dattawa, idan kun ji yara suna buga wani abu mai ƙarar da ba ku gane ba, ku kira su ku ce su karanta muku kalmomin a tabarma, ku soke na sokewa, ku bar na bari. Ku kuma samari, wayar da ke hannunku ta fi duk kayan da muka ɗauka zuwa Dapango, amma ba za ta taya ku ɗaukar buhu ba. Ku nemi abokai biyar, ku buɗe asusu, ku ba wanda ba ya cin bashi ya riƙe.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.